Kwalarar Yaman: yadda yaƙi ya haɗa ruwan sha da najasa

A tsakiyar watan Afrilun 2017 magudanan da ke kwashe ƙazantar San'a, babban birnin Yaman, suka daina aiki. Dama da ƙyar suke tafiya. Wutar gwamnati ta ɗauke tun 2015, man dizal ɗin da ke tayar da injuna ya yi wuyar samu, ma'aikatan gwamnati kuma sun fi wata shida rabonsu da albashi. Ana cikin haka ruwan sama ya sauko, irin wanda kan faɗi a tsaunukan ƙasar tsakanin Maris da Mayu. Ya kwashi abin da ya taru a kwatoci da ramukan masai ya bi tituna da shi, ya gangara rijiyoyi da tankunan da mutane ke ajiye ruwan sha. Daga ranar 27 ga Afrilu asibitoci suka fara cika da masu amai da gudawa. Cikin watan Mayu masu kwashe shara suka tafi yajin aiki saboda ba a biya su ba, bola ta yi tsibi-tsibi a bakin hanya ruwa na dukanta. Ranar 14 ga Mayu hukumomin da ke riƙe da birnin suka ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya.

Kwalara ta taɓa ɓulla a ƙasar a Oktoban 2016, ta ɗan yi ɓarna ta lafa. Wannan karon kam ba ta zo da wasa ba. Ranar 24 ga Yuni shugabannin Hukumar Lafiya ta Duniya da na UNICEF, Margaret Chan da Anthony Lake, suka fitar da sanarwa tare: waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 200,000, kullum ana ƙaruwa da kimanin 5,000, fiye da 1,300 sun rasu, kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan yara ne. A watan Agusta adadin ya kai rabin miliyan. Kafin shekarar ta fita ya cika miliyan ɗaya, mamata sun wuce 2,200. Ƙasar Haiti, wadda kwalararta ta girgiza duniya daga 2010, sai da ta shafe kusan shekara tara kafin ta kai mutum 820,000. Yaman ta wuce haka cikin wata shida.

Ƙwayar cutar daga waje ta shigo. Binciken da masana na cibiyar Pasteur ta Faransa da cibiyar Sanger ta Ingila suka wallafa a 2019 ya nuna irin da ya addabi Yaman ya yi ta yawo a gabashin Afirka kafin ya tsallaka. Sai dai shigowar ƙwaya kaɗai ba ta haifar da annoba. A wannan shekarar ta 2017 mutum sama da miliyan 2 suka taru aikin Hajji a Makka, maƙwabtaka da Yaman, aka yi ta fargaba, aka gama aka watse babu annobar kwalara. A can ruwan sha na bin hanyarsa, ƙazanta na bin tata. A Yaman hanyoyin biyu suka haɗe, kuma mutane ne suka haɗa su.

Ƙasar da dama ba ta da ruwa

Kafin a harba harsashi ko ɗaya, Yaman na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ruwa a duniya. Ba ta da kogi ko guda mai gudana duk shekara har zuwa teku. Idan aka raba ruwan da ƙasar ke samu sabo a shekara ga mutanenta, kowa ba zai samu lita 100,000 ba, alhali masana na ɗaukar ƙasa da lita 500,000 a matsayin matsanancin ƙaranci. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da ake ja noma ke cinye shi, kuma wani kaso mai tsoka na tafiya ne wajen ban-ruwan ganyen kat da ake taunawa. San'a na zaune a kan tsauni, sama da mita 2,200 daga doron teku. Ruwanta na ƙarƙashin ƙasa ne, kuma kowace shekara yana ƙara nutsewa da mitoci. Rijiyoyin burtsatse sun kai zurfin ɗaruruwan mitoci, wasu sun haura mita 1,000.

Rijiya mai wannan zurfin ba a jan ta da guga. Kowace lita da mutumin San'a zai sha, sai inji ya ɗago ta, inji kuwa sai da wuta ko dizal. Haka ita ma ƙazantar: sai inji ya tura ta, inji ya tace ta. Wannan ya sa farashin dizal a Yaman shi ne farashin ruwa. Ba mamaki da cire tallafin mai da gwamnati ta yi a Yulin 2014 ya zama abin da 'yan Huthi, 'yan tawayen arewacin ƙasar, suka hau kai suka tara jama'a, har suka shiga San'a a watan Satumba. Shugaba Abd Rabbu Mansur Hadi ya tsere zuwa birnin Adan da ke kudu, daga nan ya wuce Riyad. Ranar 26 ga Maris 2015 ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a cikinsa, ya fara luguden wuta ta sama.

Wuta, mai da albashi

Wuta ce ta fara tafiya. Babbar tashar da ke ba San'a lantarki tana Ma'arib, can gabas, inda ake haƙo iskar gas. Faɗa ya raba tashar da birnin a 2015, layukan suka lalace, birni mai miliyoyin mutane ya koma kan janareta. Hukumomin ruwa suka koma sayen dizal don yin aikin da a da wutar gwamnati ke yi musu da araha.

Sai dizal ɗin ma ya zama abin nema. Yaman na shigo da kusan kashi 90 na abincinta da yawancin manta daga waje, kuma kimanin kashi 70 na kayan ta tashar jiragen ruwa ta Hudaida suke bi. A Agustan 2015 jiragen yaƙin ƙawancen suka ragargaza manyan injunan sauke kaya na tashar. Jiragen ruwa masu zuwa kuma sai an bincike su don kada a shigo da makamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata tsarin binciken a Jibuti a 2016, amma ko jirgi ya samu takardarta, sau da yawa ƙawancen kan sake tsare shi a teku na makonni. Man da ya samu shiga kuma ya faɗa hannun masu iko da arewa, suka ɗora masa haraji, kasuwar bayan fage ta bunƙasa. Mai tankar ruwa ya sayi mai da tsada, ya sayar da ruwa da tsada.

Na uku shi ne wanda aka fi raina shi, kuma a ganina ya fi sauran ɓarna. A Satumban 2016 Shugaba Hadi ya ba da umarnin ɗauke Babban Bankin ƙasar daga San'a zuwa Adan, bisa zargin cewa 'yan Huthi na wawure kuɗin bankin suna yaƙi da su. Bankin ya rabu biyu, kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya kamata ya biya ma'aikata. Sama da ma'aikata miliyan ɗaya suka wayi gari babu albashi: malaman makaranta, likitoci, masu shara, injiniyoyin ruwa. Sanarwar Chan da Lake ta ce ma'aikatan lafiya kimanin 30,000 sun kusa wata goma ba a biya su ba. Abin ya yi wa ruwa illa ta fuska biyu. Wanda zai je ya gyara bututun da ya fashe ba shi da kuɗin mota, balle abin da zai bar wa iyali. Magidantan da ya kamata su biya kuɗin ruwa, yawancinsu a birane ma'aikatan gwamnati ne ko masu ci daga gare su, su ma ba su da shi. Kuɗin shigar hukumomin ruwa ya ƙafe, ba na sayen kulorin, ba na kayan gyara.

Wanda ya sa hannu a takardar ɗauke banki, da wanda ya ƙi biyan albashi daga harajin da yake karɓa, babu wanda ya taɓa rijiya a cikinsu. Amma wata bakwai bayan haka, rijiyoyin sun cika da najasa.

Daga kwata zuwa kofin sha

Yana da kyau a bi hanyar ƙazantar daki-daki, domin nan ne mutane da yawa ke ɗauka rashin tsaftar jama'a ne ya jawo.

Bututun ruwa da ke cike kullum yana kare kansa. Ko ya tsage, ƙarfin ruwan da ke ciki waje yake turawa, ƙazanta ba ta samun shiga. Amma idan ana sakin ruwa rana ɗaya a rufe kwana goma ko ashirin, bututun kan zama fanko. Lokacin da aka kashe inji ruwan ya janye, sai bututun ya riƙa zuƙo duk abin da ke kewaye da shi ta wuraren da ya tsage. A unguwannin da bututun ruwa da na ƙazanta ke kwance kusa da juna, ko inda ramukan masai suka cika suka jiƙe ƙasa, abin da yake zuƙowa najasa ce. Ranar da aka saki ruwa, matan unguwa na murna suna tara bokitai, abin da ya fara fitowa daga famfon shi ne wannan. Da akwai isasshen kulorin a ruwan da ya kashe ƙwayoyin. Babu.

Wanda famfo bai kai gidansa ba, ko ya gaji da jira, sai tanka. Masu tankokin daga rijiyoyin 'yan kasuwa suke ɗebowa, ba mai duba rijiyar, ba mai duba cikin tankar. Wanda ba shi da kuɗin tanka kuma sai tankunan sadaka da masu hali ko masallatai ke ajiyewa a bakin titi. Nan za a ga layin yara da mata da jarkoki masu launin rawaya, waɗanda asalinsu na man girki ne, bakinsu ba murfi, wasu an toshe da leda, cikinsu ya yi gansakuka. Yaro ya ajiye tiyo a ƙasa cikin caɓi, na bayansa ya ɗauka ya zura a tasa jarkar. Ko ruwan ya fito da tsafta daga rijiya, kafin ya isa gida ya bi hannu biyar. Gidan da ke sayen ruwa da jarka kuwa ba ya ɓarnatar da shi wajen wanke hannu, sha da girki ake fara yi wa tanadi. A ce wa irin wannan gida su tafasa ruwa, da wane gas? Shi ma ya yi tsada kamar dizal.

Akwai hanya ta uku, wadda ta bi ta kasuwa. Matatar ƙazantar San'a na arewacin birnin, kusa da filin jirgin sama, a yankin Bani Haris. An gina ta don ta tace lita miliyan 50 a rana, amma birnin ya yi girman da abin da ke zuwa mata ya zarce haka nesa ba kusa ba, ga kuma 'yan gudun hijira da yaƙi ya koro. Idan babu mai, ƙazantar kan wuce yadda ta zo, ta bi wata doguwar kwata da ta ratsa gonaki. Manoman wurin, da dizal ɗin jan ruwan rijiya ya fi ƙarfinsu, sai suka sa injin ban-ruwa a kwatar. Ganyaye da kayan lambun da aka shayar da wannan ruwa su ake lodawa a kai kasuwannin San'a, a ci wasunsu ɗanye. Abin da birnin ya fitar da safe, bayan 'yan makonni ya dawo masa a faranti. Ba na ganin laifin manomin nan kamar yadda wasu ke gani. An bar shi tsakanin gonarsa ta bushe da ya yi ban-ruwa da najasa, ya zaɓi abin da zai ciyar da 'ya'yansa.

Wani nazari da aka wallafa a mujallar Lancet Global Health a 2018, wanda ya bi alƙaluman gunduma-gunduma, ya gano cewa yaɗuwar cutar ta ƙaru sosai a kwanakin da suka biyo bayan saukar ruwan sama. A ƙasar da ke kukan ƙishirwa, ruwan sama ya zama abin tsoro.

A kan gadon kwalara

Ƙwayar kwalara kan zauna a ƙaramin hanji ta saki dafin da ke sa jiki ya riƙa zubar da ruwansa. Daga shanta zuwa fara ciwo, awa 12 ne zuwa kwana biyar. Yawancin waɗanda suka sha ba sa ma jin komai, amma suna fitar da ita a bahaya har kwana goma, shi ya sa take yaɗuwa ba a sani ba. Wanda ta kama da ƙarfi kuwa, gudawarsa fara ce tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, kuma babba na iya zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya. Idanu su faɗa, yatsu su yamutse, murya ta dushe, a ja fatar ciki a saki ta tsaya ba ta koma ba. Mutum ya tashi lafiya da asuba, kafin isha'i an yi masa sutura.

Gadon da ake kwantar da shi ma daban ne: shimfiɗar roba ce mai rami a tsakiya, da bokiti a ƙasa, wani bokitin a gefen kai don amai, saboda majinyacin ba shi da ƙarfin tashi, ma'aikaci kuma na buƙatar ganin yawan abin da ya fita don ya san abin da zai mayar. Maganin ba shi da wuya. Ruwan gishiri da sukari ya ishi mafi yawan masu ciwon, masu tsanani kuma a yi musu ƙarin ruwa ta jijiya. Idan an yi haka da wuri, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. Idan ba a yi ba, masu tsananin na iya mutuwa har rabinsu.

To amma ina asibitin? Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ya duba cibiyoyin lafiya sama da 3,500, ya tarar kashi 45 cikin 100 ne kawai ke aiki sosai. A asibitin Sab'in na mata da yara da ke San'a sai da aka kafa tantuna a harabar, aka kwantar da mutane a barandu. Na ƙauye kuwa, a tsaunukan Hajja ko Amran, sai ya nemo kuɗin mota a lokacin da mai ya yi tsada, ya bi hanyar da aka karya gadojinta. Da yawa sai sun ga mutum ya fara fita hayyacinsa suke cin bashi su ɗauko shi.

Yara suka fi shan wuya, saboda cutar ta same su da yunwa. Kusan yara miliyan 2 ke fama da tamowa a ƙasar a wannan lokaci. Yaron da tamowa ta cinye, dama idanunsa sun faɗa, fatarsa ta saki, da wuya ma'aikaci ya gane ko ruwan jikinsa ya ƙare. Zuciyarsa kuma ba ta da ƙarfi, idan aka yi masa ƙarin ruwa da sauri irin na kowa, tana iya tsayawa. Aiki ne na ƙwararren da zai zauna a kansa yana lura, a ƙasar da ƙwararrun ba su ga albashi ba. Gudawa na ƙara tamowa, tamowa na buɗe wa gudawa ƙofa. Masu juna biyu kuma ko sun tsira, sau da yawa cikin ba ya tsira.

Abin da aka yi da gangan

Ba duk ɓarnar ce ta biyo ta bayan gida ba. An kai wa ruwa hari kai tsaye, kuma kowane ɓangare na da nasa kason. A Yulin 2018 aka buga wata tashar ruwa a yankin Nushur na lardin Sa'ada, UNICEF ta ce mutum 10,500 sun rasa ruwan sha, kuma ba wannan ne karo na farko da aka buga ta ba. A ƙarshen watan aka buga tashar da ke ba birnin Hudaida yawancin ruwansa, da wata cibiyar tsaftar muhalli a Zabid. A watan Yuni na shekarar jirgin ƙawancen ya rusa sabuwar cibiyar jinyar kwalara da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gina a garin Abs, tun ba a kwantar da kowa a ciki ba. A ɗaya ɓangaren, 'yan Huthi sun binne nakiyoyi a gonaki da hanyoyi da kewayen rijiyoyi a yankin gaɓar teku ta yamma, abin da ya sa zuwa ɗibar ruwa ya zama kasada da rai.

Ta'iz ce ta ga gaba kura baya siyaki. Tun kafin yaƙi famfunan birnin sau ɗaya a wata suke kawo ruwa, wani lokaci ma a wuce haka. Daga 2015 'yan Huthi suka yi masa ƙawanya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana a 2023 cewa huɗu daga cikin wurare biyar da birnin ke samun ruwa suna hannun 'yan Huthi ko a bakin daga, kuma sun hana ruwan shiga ɓangaren gwamnati. Ta kuma ce dakarun da ke tare da gwamnati sun taɓa ƙwace rijiyoyin cikin gari suna sayar wa jama'a ruwan don aljihunsu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 4 ga Nuwamba 2017 'yan Huthi suka harba makami mai linzami zuwa filin jirgin saman Riyad. Bayan kwana biyu ƙawancen ya rufe duk hanyoyin shiga Yaman, ta sama da ta ruwa da ta ƙasa. Ba a yi mako biyu ba ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar cewa injunan ruwa da na ƙazanta sun tsaya a Hudaida da Sa'ada da Ta'iz saboda rashin mai. Kwanaki kaɗan San'a da Baida suka bi sahu, mutum miliyan 2.5 a biranen suka rasa tsaftataccen ruwa, a tsakiyar annobar kwalara mafi girma da aka taɓa ƙidayawa. An kusa mako uku kafin a bar jiragen agaji su koma Hudaida. Ƙarin yarjejeniyoyin Janiba na 1977, waɗanda Yaman da Saudiyya duk suka amince da su, sun haramta kai hari ko lalata abin da farar hula ba sa rayuwa sai da shi, kuma sun ambaci wuraren ruwan sha da sunansu. Wanda ya tsare jirgin mai ya san abin da man ke tayarwa.

Agaji, da inda ya tsaya

A yaba wa waɗanda suka yi aikin ceto. An buɗe ɗaruruwan cibiyoyin jinya da wuraren shan ruwan gishiri da sukari, 'yan sa-kai suka bi gida-gida da ƙwayoyin kulorin da sabulu, UNICEF ta riƙa saya wa hukumomin ruwa dizal, Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 200 a Agustan 2017. Yawancin masu aikin 'yan Yaman ne da ke zuwa ba albashi, sai ɗan alawus na ƙungiyoyi. Cikin kowane mutum 1,000 da aka rubuta, kimanin biyu ne suka rasu.

Wannan ƙarancin mace-mace ya sa wasu masana suka ce adadin miliyan ɗaya ya yi yawa, kuma suna da hujja. Duk wanda ya yi gudawa mai ruwa sau uku a yini ana rubuta shi ne cikin waɗanda ake zato, kaɗan ne ƙwarai aka gwada a ɗakin gwaje-gwaje. Cibiyoyin kwalara kuma su ne wuraren da ake samun magani kyauta, don haka kowane mai ciwon ciki can ya nufa. Na yarda ba duka ne kwalara ba. Amma wanda gudawarsa ta wata ƙwaya ce, daga ina ya sha ta? Daga jarkar nan dai. Kuma lissafin mamatan na waɗanda suka iso asibiti ne, wanda ya cika a ƙauye ko a hanya ba ya ciki.

Batun rigakafi kuwa abin takaici ne. A Yunin 2017 aka amince a ba Yaman allurai miliyan ɗaya na maganin da ake ɗigawa a baki daga rumbun ajiyar duniya. A Yuli aka fasa. Bayanin da aka bayar shi ne cutar ta riga ta bazu, ga rashin tsaro. Daga baya binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna jirgi ɗauke da rabin miliyan ya yi ta jira a Jibuti, hukumomin 'yan Huthi ba su ba shi izinin sauka ba. Sai a Mayun 2018 aka fara rigakafin a Adan, a Agusta aka yi a sassan Hudaida da Ib, bayan mutum miliyan sun riga sun kwanta.

Inda agajin ya gaza shi ne inda dama ba a tsara shi ya kai ba. Kuɗin gaggawa na wata shida ne ko shekara, na sayen ledar ƙarin ruwa ne da hayar tanka. Sake shimfiɗa bututu ko faɗaɗa matata aikin shekaru ne, kuma masu ba da kuɗi na ɗari-ɗari da gina abin da jirgi zai iya rusawa gobe, ko abin da zai ƙarfafa hukumar da ba su amince da ita ba. Sai a yi wa mutum jinya kwana uku ya warke, a sallame shi ya koma gida ya sha ruwan da ya kwantar da shi. Farantan hasken rana sun taimaka, rijiyoyi da yawa sun daina dogaro da dizal. Sai dai manoma ma sun rungume su, kuma da yake rana ba a sayenta, ana jan ruwan ƙarƙashin ƙasa yini guda ba ƙaƙƙautawa, ruwan da dama ƙarewa yake yi.

Duniya ta nuna tana iyawa idan ta ga dama. Tsohon jirgin ajiyar mai na Safer, da ke tsaye a Bahar Maliya kusa da Hudaida da gangar ɗanyen mai sama da miliyan ɗaya, ba a gyara shi ba tun 2015, ana tsoron ya fashe. Da yake malalar za ta shafi gaɓar maƙwabta da hanyar jiragen kasuwancin duniya, an tara sama da dala miliyan 100, an shawo kan ɓangarorin biyu, aka kwashe man a Agustan 2023. Aiki ne mai kyau. Najasar San'a kuwa cikin 'ya'yan Yaman kaɗai take shiga, ba ta samu irin wannan taron dangi ba.

Saboda haka cutar ta yi ta komowa. A 2019 an rubuta sama da mutum 800,000. Daga 2016 zuwa 2021 jimillar ta kai kimanin miliyan 2.5, da mamata kusan 4,000. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya ci rayuka 377,000, kuma kusan kashi 60 cikin 100 ba makami ne ya kashe su ba, yunwa ce da cuta da rashin tsaftataccen ruwa. Tsagaita wutar Afrilun 2022 ta bar jiragen mai sun riƙa shiga Hudaida, luguden sama ya tsaya. Amma a watan Oktoba aka kasa sabunta ta, kuma babban abin da aka yi saɓani a kai shi ne wa zai biya albashi, da wane kuɗi, su wa za a biya. A 2024 kwalara ta sake tashi. Zuwa farkon Disamba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya kusan mutum 250,000 da mamata 861, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk kwalarar da aka rubuta a duniya a shekarar. Tsakanin Maris da Nuwamban 2024, cibiyoyin jinyar gudawa 47 da wuraren shan ruwan gishiri da sukari 234 aka rufe saboda kuɗin gudanar da su ya ƙare.